Rijiyar Bulama da Arɗo

Ku da kuka zo shagon nan wai ku koyi rubuta takardar neman tallafi, ku gyara zama. Na ji abin da kuke faɗa in na juya baya: wai me ke cikin aikin Baba Haladu, ai ko waya ka tambaya yanzu sai ta zubo maka Turanci shafi-shafi. Gaskiya ne, za ta zubo. Ni ma na gwada, Turancinta ya fi nawa santsi. Amma waya ba ta taɓa hawa bayan ɗan acaɓa ta bi yashin Ajingi da bazara ba, ba ta kuma taɓa tsayawa tsakanin dattawa biyu masu fushi da juna ba. Rubutu shi ne ɗan ƙaramin abu a sana'ar nan.

Aikina dai shi ne in nemo wa ƙungiyoyi da ƙauyuka taimako daga gidauniyoyi, na gida da na waje. Surukata, Allah ya ji ƙanta, da aka tambaye ta sana'ar mijin 'yarta, cewa ta yi, "Maroƙi ne, sai dai shi da Turanci yake yi."

A wurin Malam Isyaku na koya, wani tsohon akawu da ya yi ritaya ya kafa tebur a gindin darbejiya kusa da sakatariyar Gaya. Kayan aikinsa ba su da yawa: tafireta mai nauyi kamar dutsen niƙa, takardar kabon, ambulan, kan sarki, da wani ƙamus da bangonsa ya daɗe da yin nasa wuri. Tafiretar nan tana da harafi ɗaya da in an buga shi sai ya maƙale a sama. Shekarata ta farko ba abin da na yi sai ɗauko ta a ka da safe, in mayar da yamma, tsakanin nan kuma ina tsaye a gefe da yatsa a shirye, Malam na bugawa ina dawo da harafin nan gida. Ta haka na haddace yadda ake jera magana, don duk abin da ya buga sai ya bi ta gaban hancina.

Aikin farko da ya sakar min shi ne na matan wata ƙungiya a Balan. Wani mutum ne ya zo a madadinsu ya ce injin markaɗe suke so. Na zauna na zage, na rubuta cewa mu talakawa ne, ba mu da kowa sai Allah sai ku, a dube mu da idon rahama. Ni kaina da na karanta sai da na ji tausayinmu. Malam ya karanta har ƙarshe, ya miƙo min.

"Wannan ka kai ƙofar masallaci ranar Juma'a, za ka samu," in ji shi. "Gidauniya ba tausayi take nema ba, Haladu. Ita ma tana da wanda zai tambaye ta me ta yi. Ka je Balan ɗin?"

Na ce ban je ba.

"To wa zai riƙe injin? In ya lalace wa zai gyara? A ɗakin wa za a ajiye shi?"

Na ari keke na tafi. Sai ga shi matan ba su taɓa cewa markaɗe ba, akwai mai markaɗe a bayan gidajensu. Ƙuli-ƙuli suke yi, injin matsar man gyaɗa suke so. Ɗan aiken ne ya canja saƙo a hanya, don shi yake son ya zama mai markaɗen gari. Da na dawo na ba Malam labari, bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ka riƙe wannan. Kada ka taɓa rubuta abin da in an zo ba za a gani ba. Mai bayarwa yana da mota."

Daga baya tafireta ta kwanta, kwamfuta ta tashi, gidan waya ya ba imel wuri. Kada ku ɗauka sauƙi ne ya zo. Akwai wata takarda ta rufin makarantar wani ƙauye da wa'adinta zai cika a ranar, ga shi sabis ya ɗauke a duk unguwarmu. Aka ce min akwai wani suri a bayan gari da yake kamawa. Na hau kan surin nan da la'asar sakaliya, na ɗaga kwamfuta sama da hannu biyu, na ƙura wa yamma ido. Azumi ya matso a lokacin. Kafin saƙon ya tafi mutane sun taru a ƙasa, wani dattijo yana tambaya, "Malam, an gan shi ne?"

Sannan gidauniyoyi suna da yayi kamar atamfa. Bana kowa mata yake so ya taimaka, baɗi sauyin yanayi, baɗin baɗaɗa matasa da kwamfuta. Akwai ƙungiyar zawarawa masu kiwon awaki da na daɗe ina yi wa rubutu. Awakin nan sun yi suna ƙarfafa mata, sun yi suna jure wa fari, sun yi suna ciyar da yara. Duk gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya, gefen da za ka haska ne kawai yake canjawa. Akuya kuwa tana can tana cin harawarta, ba ta san an canja mata suna ba.

Masu kawo aiki kuma, a ganinsu da ka danna ka aika shi ke nan, ran kasuwa mai zuwa za su leƙo su ce, "Ya shigo?" Alhali yawancin takardu ba sa ko samun amsa. In amsar ƙi ce kuwa, babu takarda mai ladabinta a duniya. Na taɓa fassara wa shugaban wata ƙungiyar manoma irinta daga sama: sun yi murna da samun takardarku, sun yaba ƙwarai da himmarku, aikinku ya burge alƙalai. Mutumin nan ya miƙe ya yi kabbara, ya fita da gudu ya gaya wa jama'arsa, ni ko ban kai ga "sai dai" ba. Tun ranar daga ƙasa nake fara karanta amsa.

To, bari in zo kan shekarar da ba na mantawa, shekarar da manyan masu bayarwa na ƙasashen waje suka janye hannu kusan a lokaci ɗaya. Ofisoshi a Kano suka yi ta rufewa, fararen motocin nan da ke yawo ƙauyuka suka ɓace. Mutanen da a da sai ka jira a benci kafin ka gan su, sai ga su suna bugo min waya suna tambaya ko na ji labarin wani aiki. Ni kuma na koma buga katin ɗaurin aure da hoton fasfo da fotokwafi. A wannan shekarar ne, da rani, wani babur ya tsaya a ƙofar shagon nan ɗauke da tsofaffi biyu a baya, tun kafin su sauka suna zagin juna.

"Sauka a hankali, bawana, kada iska ta ɗauke ka, ƙafa kamar sillen kara."

"Kai dai matsa, Babarbare. Wa ya ce ka kwanta a inda kaji ke tono, har suka yi maka wannan zane a fuska?"

Na farkon shi ne Bulama Sale, mai unguwar wani ɗan ƙauye da ake kira Tudun Bulama, can gaba da Toranke. Kakanninsa Barebari ne, shi ya sa ake ce masa Bulama. Na biyun Arɗo Buba ne, shugaban Fulanin da ke zaune a gefen ƙauyen, waɗansunsu na kiwo, waɗansu sun daɗe da kama fartanya. Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. To waɗannan biyun tun suna samari suke yinsa, kullum a inuwa ɗaya suke wuni, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗan'uwansa da sunan arziki.

Abin da ya kawo su ba na dariya ba ne. Tsohuwar rijiyar garin ta rufta da damina. Abin da ya rage tafki ne guda ɗaya, nan mutane ke ɗiba, nan shanu ke sha, in bazara ta yi kuwa sai ya koma taɓo. Yara sun fara fitsarin jini. 'Ya'yan Arɗo sun ce in aka kai wani ranin a haka, za su kora shanu su yi kudu, kuma ba dawowa. Shi Arɗo a nan iyayensa suke kwance, ba ya son tashi, amma tsoho ba ya zama a ruga shi kaɗai. Mutanen Bulama kuma in Fulani suka tafi, ba taki a gona, ba nono a fura. Rijiyar burtsatse suke so.

Na nema. Duk ƙofar da na sani ta ruwa na ƙwanƙwasa, a rufe. Ƙofa ɗaya tak na samu a buɗe, wata gidauniya da ba ta taimakon kowa sai garuruwan da ake rikici tsakanin manoma da makiyaya. Na aika suka zo na yi musu bayani.

Bulama ya ce, "To ai mu ba mu da faɗa."

"Laifinka ne," in ji Arɗo. "Shekara da shekaru shanuna na shiga gonarka, ba ka taɓa yin zuciya ba, sai dai ka aiko a ƙaro maka nono. Ga shi yanzu lalacinka zai hana mu ruwa."

Na ce su bar min. Na rubuta gaskiya tsantsa: mutanen nan lafiya suke zaune, amma tafki ɗaya gare su, ranar da ya ƙafe ba wanda ya san abin da zai faru, kuma rigakafi ya fi magani. Na je ɗaukar hoton tafkin don in haɗa da takarda, na tarar duk garin an yi wanka an sa kayan Sallah. Bulama ya sha babbar riga da rawani, ya tsaya ya tare tafkin gaba ɗaya. Na ce ranka ya daɗe, wahala ake so a gani. Ya ce, "Ba za a kai hotona ƙasar Turawa da tsumma ba." Sai da na yi kamar na tafi, na zagayo ta bayan gari, na samu tafkin shi kaɗai da wani jaki a bakinsa.

Ba a daɗe ba amsa ta zo, na fara ta daga ƙasa kamar yadda na saba, sai na ga ba ƙi ba ce. Za su turo ma'aikaciyarsu ta gani da ido. Na je har gida na ja wa tsofaffin nan kunne. Na ce kada a ƙara, kada a rage, yadda kuke haka za ku zauna. Suka ce, "Ba komai, Malam Haladu." Suka haɗa baki wajen faɗar haka, ba zagi ko ɗaya a ciki. Da na san abin da na sani yanzu, da tun a nan na gane akwai ƙulli.

Ranar da aka sa, na shiga motar gidauniya a Gaya tare da ma'aikaciyar, Hajiya Rabi, wata dattijuwar 'yar birni mai tabarau, ba ta da yawan magana. Da hantsi muka isa. Muna shiga na ga abin da suka ƙulla. An raba gari biyu. Manoma na zaune a gindin kuka, kowa ya haɗe rai. Fulani na can ɗaya gefen a tsaye, kowa ya rungume sanda yana hararar sama. A gaba an zaunar da ƙanen Bulama, an naɗe masa hannun dama da tsumma an rataye a wuya, an ɗiga masa manja.

Aka kawo wa baƙi fura, ta sha nono mai kauri, wanda ko makaho ya san daga rugar Arɗo ya fito da safen nan. Hajiya ta kurɓa ta ajiye ƙwarya. Ta fito da goro ta ce a raba. Da aka zo kan mai rauni, sai ya zaro hannun nan daga rataya ya karɓa, ya ɓantara, ya mayar da hannun wurinsa, ya ci gaba da nishi.

Bulama ya miƙe ya gyara murya.

"Hajiya, mutanen nan sun ishe mu. Ba mu barci, ba mu sakewa. Musamman wancan, wancan mai wuya kamar na zalɓe, wanda in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa."

Na ga manoma sun fara cije leɓe. Arɗo ya matso yana buga sanda a ƙasa.

"Hajiya, ƙarya yake! Bawana ne, kakana ne ya saye kakansa da ƙwaryar tsala, ita ma sai da aka yi masa ragi!"

Yana cikin haka sai atishawa ta kama shi. Ya ce alhamdu lillahi. Bulama, da ke tsaye yana zare ido, bai san sanda ya ce "Yarhamukallahu" ba, har da miƙa masa buta. Wata tsohuwa a bayan zana ta ƙyalƙyale da dariya, shi ke nan sai gari ya ɓarke. Masu sanda na riƙe ciki, mai rauni na tafi da hannu biyu.

Hajiya Rabi ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce, "Baba Bulama, Baba Arɗo, sannunku da ƙoƙari. Kakata Babarbariya ce, maigidana kuma Bafulatani. Wannan faɗan da shi nake karya kumallo kullum."

Ta waiwayo ta dube ni. Na ce, "Hajiya, abin da na rubuta yana hannunki." Ta ce ta sani, lafiya na ce suna zaune, ga shi kuwa ta gani. Sannan ta ce a kai ta tafkin.

A bakin tafkin ba wanda ya yi dariya. Ruwan ya koma kamar kunun kanwa, ga shanu a ciki har gwiwa, ga mata na tace shi da gefen mayafi suna zubawa a jarka. Hajiya ta daɗe a tsaye. Ta ce ba ta yi alkawari ba, don su kuɗinsu na sulhu ne, amma za ta je ta yi magana. Har ta juya za ta tafi, sai ta yi wata tambaya, ita a ganinta ƙarama.

"In Allah ya sa an samu, a ina za a haƙa?"

"Ƙofar gidana mana," in ji Bulama. "Ga masallaci, ga jama'a."

"Shanu su ratso gonaki su shigo tsakiyar gari?" in ji Arɗo. "A bakin burtali dai."

"Mata su yi ta tafiya har burtali saboda shanu?"

"Namu matan fa, ba ƙafa gare su ba?"

Wasa-wasa murya ta fara tashi. Wannan ya faɗa, wancan ya mayar. Can sai Bulama ya ce, "Kai Buba, garin nan kakana ne ya sare shi. Ku zuwa kuka yi kuka tarar da mu."

Arɗo ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya cire malafarsa, ya rusuna, ya ce, "Allah ya ja zamanin Bulama. Mun ji. A yi mana izini mu koma."

Bulama ya ce, "A sauka lafiya, Arɗo. A gaida iyali."

Wata mata ta saki jarka ta kama salati. Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin mutanen nan sun girmama juna ba. A cikin mota, da muka yi nisa, Hajiya ta ce, "Malam Haladu, yanzu kam akwai aiki."

Nono ya daina shiga gari. Matan Fulani suka riƙa wucewa da ƙorensu ta bayan gari zuwa Toranke, gidan Bulama ana dama fura da ruwan tsamiya. Ran Juma'a in tsofaffin nan suka haɗu, sai su tsaya su yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi, kowa na kallon ƙasa, jama'a na wucewa jiki a sanyaye. 'Ya'yan Arɗo suka ce ba sai an jira wani ranin ba, suka fara ɗaure kaya. Ita kuwa gidauniya, da rahoton Hajiya ya isa, nan da nan ta amince. Tudun Bulama ya cika sharaɗi.

Sai dai su a tsarinsu ba a fara haƙa sai an yi taron sulhu. Aka zo da rumfa da kujeru da lemon kwalba, aka raba riguna masu hoton hannu biyu suna musabaha. Bulama ya ɗora tasa a kan babbar riga, ya zauna kamar an ɗaure buhu. Wani masani da aka ɗauko daga Kano ya kafa allo ya zana bishiya, ya ce wannan ita ce bishiyar rikici, ga saiwoyinta, ga rassanta, kowa ya faɗi abin da ya gani. Arɗo ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce shi dai ya yi kiwo daga nan har bakin Binuwai, bai taɓa ganin irin wannan itaciya ba, ko shanu na cin ganyenta? Aka sha lemo, aka ɗauki hoto, aka watse kowa da fushinsa.

A nan ne za ku gane abin da nake nufi da cewa rubutu ƙaramin abu ne. In Fulani suka tashi, ba sulhu, ba rijiya, yara kuma su ci gaba da shan taɓo. Na rufe shago na koma ɗan aike. In je wurin Bulama ya ce shi bai ce komai ba, gaskiya ya faɗa. In je ruga Arɗo ya shimfiɗa min sabuwar tabarma ya ce ai shi baƙo ne, baƙo kuwa ba ya da ta cewa. 'Yan acaɓan hanyar har sun daina tambayata ina za ni. Da na ga bakina ya gaza, sai na roƙi Hajiya abu ɗaya: a turo masu awon ruwa tun yanzu, kafin a gama sulhun. Na ce tunda mutane sun kasa, a tambayi ƙasa.

Masu awo suka zo da na'urarsu da wayoyi da turakun ƙarfe, duk gari da ruga aka fito kallo. Suka fara da ƙofar gidan Bulama, suka kafa, suka auna, babbansu ya girgiza kai ya ce dutse ne a ƙasa. Fulani suka yi ta gyaran murya. Aka ɗunguma zuwa bakin burtali, aka kafa, aka auna, ya ce nan ma ko an haƙa asara ce. Manoma suka karɓi gyaran muryar. Aka yi ta yawo cikin rana har aka dangana da wani fako a bayan sarƙaƙiya, wurin da ba gonar kowa ba ne, ba kuma hanyar kowa ba, jakuna ne kawai ke zuwa birgima. Nan na'ura ta nuna ruwa, mai yawa kuwa. Daga gari da nisa, daga ruga da nisa.

Bulama ya dubi fakon, ya dubi kashin jakuna, ya ce, "Wai wa ya kawo mutanen nan?"

Duk ido ya dawo kaina.

Arɗo, ba tare da ya dubi Bulama ba, ya ce, "Wanda ya fara kawo maganar faɗa garin nan."

"Shi ne!" in ji Bulama. "Muna zamanmu lafiya sai da muka taka shagonsa."

"Ya ce ba a ba da ruwa sai da rikici."

"Ya ɗauki hoton jaki ya bar ni a tsaye da rawani! Ga shi yanzu jakin aka ba rijiya!"

Suka taso min su biyu, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Na buɗe baki zan kare kaina, sai na hango Hajiya Rabi tana girgiza min kai, na haɗiye. Aka wanke ni tas, har da tafiyata da hulata. Can cikin zafin faɗa Bulama ya juya ya ce, "Kai ma da ɗan ƙaramin kanka na ɗan Fulani, ya ce faɗa, ka zo ka yi na gaske?"

Arɗo ya ce, "In bawa ya haukace, ubangidansa ya zauna yana kallo?"

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Bulama ya yi kamar bai ji ba, ya matsa kusa da Arɗo, ya rage murya, amma ni ina kusa na ji.

"Buba, maganar ranar nan, bakina ne ya zame."

"Bakin Babarbare dama yaushe ya taɓa tsayawa wuri ɗaya?" in ji Arɗo. Ya ɗora masa malafarsa a kan rawani, wai kada rana ta ƙarasa narkar da ɗan abin da ya rage a ciki.

Kafin damina aka haƙa rijiyar, aka ɗora tanki da sola, famfunan mutane a gefe ɗaya, wurin shan dabbobi a ɗaya gefen. Manoma da Fulani suka haɗu suka sare sarƙaƙiyar suka fitar da hanya biyu. 'Ya'yan Arɗo suka kwance kaya. Ranar buɗewa Bulama ya yi jawabi, ya gode wa gidauniya, ya gode wa Hajiya, ya gode wa direbanta, ya gode wa masu awo, har mai bishiya bai manta ba. Ni ina zaune a sahun gaba bai ko dubi inda nake ba. Amma bayan an yi girbi sai ga amalanke a ƙofar gidana da buhun gero da ƙwaryar man shanu. Mai amalanken ya ce an ce ya gaya min ba a yafe ba tukuna.

Gidauniyar kuwa ta buga labarin a mujallarta ta ƙarshen shekara, da hoton tsofaffin biyu riƙe da hannun juna suna dariya, a ƙasa an rubuta cewa tsofaffin abokan gaba sun rungumi zaman lafiya. Ni na ɗauki hoton, na kuma san abin da Arɗo ke faɗa a lokacin. Ba zai bugu a mujalla ba.

Kwanakin baya ina zaune a nan sai ga babur ya tsaya, su ne. Suka shigo suka zauna a bencin nan da kuke kai, ba wanda ya tayar da zancen baya. Wai yanzu kwalbati suke so, don da damina rafi yana yanke musu hanyar Toranke, mai haihuwa ma sai an ɗauke ta a ka. Na ce to, zan duba in ga wace ƙofa ce a buɗe.

Bulama ya leƙo kan kwamfutar, ya rage murya ya ce, "Duba mana da kyau, Malam Haladu. Bana wane irin faɗa suke saye?"

Arɗo ya zungure shi da sanda. Ya ce, "In irin na wasa ne, ka rubuta musu muna da shi rumbu-rumbu. In na gaske ne, ka ce su riƙe kwalbatinsu, ma yi iyo."